Alƙawarin da Ya Tsayar da Gidauniya: Yadda Wani Kwamitin Unguwa Ya Kwashe da 'Yan Siyasa

Ɗakin haihuwa na ƙaramin asibitin unguwar yana da matsala biyu: rufin yana yoyo, kuma da dare ba wuta sai tocila. Ginin na ƙaramar hukuma ne, ita ke biyan ungozoma da sauran ma'aikata, amma gyaran ya sha fitowa a kasafin kuɗi yana wucewa ba a taɓa shi ba. Da jira ya ishi mutane sai suka kafa kwamitin neman taimako. Wani tsohon malamin makaranta ya zama shugaba, wata 'yar kasuwa da kowa ya shaidi amanarta ta zama ma'aji, wani matashi ya riƙe sakatare. Suka kira kafinta da mai haɗa sola suka yi musu kiyasi, suka buɗe asusu a banki wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita, suka shiga bi gida-gida da littafin rasit. Ba za a kama sunan kowa a nan ba, don abin da ya same su ba su kaɗai yake samu ba.

Cikin 'yan makonni suka haɗa kusan rubu'in abin da ake nema, daga nan abin ya lafa. Masu saurin bayarwa sun bayar, saura suna jiran su ga kamun ludayin aikin. A nan ne aka kawo shawarar a yi taron ƙaddamarwa, a gayyato 'yan siyasar yankin, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa a gama a rana ɗaya.

Taron ƙaddamarwa

'Yan siyasa uku ke da ruwa da tsaki a yankin: kansilan mazaɓa, shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar da ke wakiltarsu. Na farko da na biyu jam'iyyarsu ɗaya, ɗan majalisar kuwa ɗan adawa ne. Kwamitin bai tsaya kan wannan ba. Abin da suka duba shi ne aljihun wa ya fi zurfi, sai suka rubuta ɗan majalisa a matsayin babban mai ƙaddamarwa, ciyaman babban baƙo. Kansila kuma aka jefa sunansa can ƙasa cikin jerin sauran baƙi. Zaɓe saura 'yan watanni.

Ciyaman bai zo ba, ya turo wakili ya karanta jawabi. Ɗan majalisa ya zo a makare da ayarin motoci da matasa sanye da huluna masu hotonsa. Da aka miƙa masa makirfo ya yaba wa kwamiti, ya yi tir da halin da aka bar asibitin, sannan ya ce: "Iyayena da 'yan uwana, ku daina wahalar da kanku. Duk abin da ya rage a wuyana yake." Wuri ya kaure da tafi. 'Yan kasuwar da suka zo da kuɗi a aljihu suka koma da abinsu gida, ai an riga an ɗauke nauyin. Da aka zauna lissafi da yamma, abin da ya shiga akwati bai kai kuɗin hayar kujeru da rumfa da lasifika ba.

Ɓarnar ta fi haka. Masu bi gida-gida suka fara jin amsa iri ɗaya a kowace ƙofa: ba Honarabul ya biya ba? Magoya bayan jam'iyya mai mulki suka ce kuɗinsu ba zai yi wa abokin hamayya yaƙin neman zaɓe ba. Takardar neman izinin taɓa ginin, wadda aka kai sashen ayyuka tun kafin taron, ta kwanta a kan tebur. Babu wanda ya ce an ƙi, babu wanda ya ce an yarda. Shi kuma mai alƙawari, in an kira wayarsa na-hannun-damansa ke ɗauka: "Maigida yana sane da ku, ya shiga taro ne." Bayan watanni aka aiko da abin da bai wuce ushirin alƙawarin ba, tsaba a cikin ambulan, tare da mai ɗaukar hoto da buƙatar a kafa allo mai sunansa a bakin ƙofa.

Me ya sa haka ta faru

Abu mafi sauƙi shi ne a ce mutumin maƙaryaci ne a rufe zancen. Ni ban ga haka ya isa bayani ba. Ɗan siyasa irin wannan kusan kowane mako yana da gayyatar ƙaddamarwa, daga makaranta zuwa ƙungiyar ƙwallo, kuma in ya biya duk abin da ya faɗa a makirfo albashinsa ba zai kai ko'ina ba. Abin da yake nema a taron shi ne a gan shi, a tafa masa, a ji sunansa. Kwamitin kuwa ya biya shi wannan duka a ranar, kafin ya ajiye ko sisi. Ranar da zai cika alƙawarin ba taro, ba tafi, sai ma'aji da rasit. Tsarin ne ya sa yin alƙawari ya fi cika shi riba, ko wane ne aka miƙa wa makirfon.

Kenya ta fi kowa sanin wannan. Tun 1963 Jomo Kenyatta ya mayar da Harambee taken ƙasa, wato jama'a su haɗa hannu su gina abin da suke buƙata, kuma da shi aka gina makarantu da asibitoci masu ɗimbin yawa. A hankali tarukan suka zama filin da 'yan siyasa ke gwada ƙwanji da sayen farin jini, musamman in zaɓe ya ƙarato. A 2003 doka ta hana jami'in gwamnati amfani da ofishinsa wajen karɓar irin wannan gudummawa. Dokar zaɓe ta 2011 ta hana mai niyyar takara shiga taron tara kuɗi cikin watanni takwas kafin babban zaɓe. A watan Yuli na 2024, bayan zanga-zangar matasa kan dokar haraji, Shugaba William Ruto ya sanar da hana manyan jami'an gwamnati shiga tarukan gaba ɗaya. Ƙasar da ta yi alfahari da tsarin ita ce ta ga dole ta raba shi da lokacin zaɓe. Kwamitin namu kuwa a tsakiyar lokacin ya shirya nasa.

Akwai wani abu da zai iya rikita mai karatu, domin bincike ya nuna cewa sanar da babbar gudummawa tun farko yana ƙara wa sauran mutane ƙwarin gwiwa. Masana tattalin arziki biyu, John List da David Lucking-Reiley, sun wallafa wani gwaji a 2002 inda aka aika wa mutum 3,000 wasiƙar neman taimako a jihar Florida ta Amurka. Wasu aka ce musu an riga an samu kashi 10 cikin 100 na kuɗin, wasu aka ce kashi 67. Gudummawar rukuni na biyu ta kusa ninka ta na farko sau shida. To me ya sa a nan aka samu akasin haka? Bambancin a fili yake. A gwajin kuɗin suna hannu, kuma an bar giɓin da mai karanta wasiƙa zai ga nasa na da amfani. Ɗan majalisa bai ajiye komai ba, sannan ya toshe giɓin duka da baki. Ya cire wa kowa dalilin bayarwa ba tare da ya maye gurbinsa da kuɗi ba.

Komawa baya

Ma'ajin ce ta fara cewa a sake lale. Matsala ta farko ita ce yadda za a gaya wa jama'a cewa kuɗin ba su zo ba, ba tare da an tona wa mutumin asiri a mayar da shi abokin gaba ba. Suka yanke shawarar kafa allo a bakin asibitin mai gida biyu: abin da ya shiga hannu, da abin da ake jira. Amma kafin su kafa, shugaban kwamiti ya nemi ganin ɗan majalisar, a wannan karon a gidansa da sassafe, ba a ofis ba.

"Ranka ya daɗe, mutane na tuhumarmu, suna zaton kuɗinka na hannunmu mun danne. Dole mu fitar da lissafi. Mun zo mu sanar da kai kafin ka ji a bakin wani."

"Haba Malam, ai ban manta ba. Abubuwa ne suka yi yawa."

"Mun sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa muka zo da wata hanya mai sauƙi."

Hanyar ita ce a ajiye batun "duk abin da ya rage". A maimakonsa, duk abin da jama'a suka tara cikin mako biyu, shi ya ajiye daidai da shi, har zuwa wani adadi da shi da kansa zai faɗa, kuma ya biya kai tsaye ga mai sayar da kwanon rufi, kada kuɗin su bi ta hannun kowa. Ya yarda da sauri, domin adadin da ya faɗa bai kai rabin tsohon alƙawarin ba, kuma an buɗe masa ƙofar fita da mutuncinsa. Ga kwamiti kuma, masu bi gida-gida sun samu sabuwar magana: abin da ka bayar yau zai zama biyu. Wannan dabarar ma an gwada ta. Dean Karlan da John List sun wallafa sakamakon wasiƙu fiye da 50,000 a 2007, inda suka ga cewa sanar da ninkin gudummawa ya ƙara yiwuwar mutum ya bayar da kusan kashi 22 cikin 100. Abin da ya fi ba ni sha'awa a binciken shi ne ninki biyu ko uku bai fi ɗaya-da-ɗaya jan mutane ba. Wato ba a buƙatar ɗan siyasa ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. Kaɗan da za a gani ya wadatar.

Mutumin da aka raina

Kansilan da aka jefa ƙasan takardar gayyata shi ya zama mafi amfani a cikin ukun, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ba shi da kuɗi, ya faɗa musu haka tun zaman farko. Amma a unguwar yake kwana, matarsa a wannan ɗakin ta haihu, kuma ya san teburin da kowace takarda ke kwana a sakatariya. Sakataren kwamiti ya je masa da shafi ɗaya tak: hoton rufin, kiyasin kafinta, abin da aka tara, da buƙatu uku da aka sa wa kowacce rana. A fito da takardar izini daga sashen ayyuka. A turo injiniyan hukuma ya duba katakon rufin kafin a sayi kwano. A gabatar da batun a zaman majalisar kansiloli don ya shiga rubuce.

Ya yi duka ukun, ko da yake na farkon ya ɗauki lokaci fiye da yadda ya faɗa. Zuwan injiniyan kaɗai ya cece su daga asara, domin ya gano katakon ɓangare ɗaya ya ruɓe, abin da kiyasin farko bai lissafa ba. Da sun ɗora sabon kwano a kansa, da sun sake kwancewa.

Shi ne kuma ya faɗa musu abin da ba su sani ba game da ciyaman. Ba aikin yake ƙi ba, jin haushi yake an ɗauki gininsa an ba abokin hamayya ya yi wa'azi a kansa. Sannan shugabar sashen lafiya, wadda ma'aikaciya ce ba 'yar siyasa ba, ta sha rubuta rahoto kan ɗakin, kuma ba wanda ya taɓa neman shawararta. Da kwamiti ya je wurinta ta ɗauko musu kwafin rahotannin daga fayil. Da su a hannu suka shiga ofishin ciyaman, kansila a gaba.

Ba su roƙe shi kuɗi ba. Kuɗin hukuma ba a aljihunsa suke ba, sai sun bi kasafi da sa hannun mutane da yawa, kuma roƙonsu hanya ce ta samun wani alƙawarin. Suka roƙi abin da zai iya bayarwa da umarni ɗaya: motar hukuma ta ɗauko kaya, leburorin sashen ayyuka su yi aikin kwancewa, a mayar da masu haihuwa wani ɗaki na wucin gadi, sannan a rubuta cewa hukuma ce za ta riƙa kula da batiran sola bayan an miƙa aikin. Shugaban kwamiti ya ƙara da cewa, "Yallaɓai, ginin naku ne. Mu taimako muka kawo, ranar miƙawa kai za mu miƙa wa." Wannan maganar ba daɗin baki ba ce, gaskiyar lamarin ke nan, kuma ita ce ba a faɗa ba a taron farko.

Suna a bango

Batun allo ya dawo. Ɗan majalisa na son sunansa, mutanen ciyaman suka ce in za a sa nasa sai an sa na maigidansu a sama. Kwamiti ya fitar da ƙa'ida a rubuce ya kai wa kowane ɓangare kwafi a rana ɗaya: ba tuta, ba hula, ba alamar jam'iyya a duk wani taron gidauniyar, kuma allo ɗaya ne, mai ɗauke da sunan duk wanda ya bayar, bisa jerin haruffa, ba tare da adadi ba. Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a duniyar ƙungiyoyin agaji. A Amurka tun 1954 doka ta hana ƙungiyar agajin da aka ɗauke wa haraji goyon bayan ɗan takara. A Ingila hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan ƙungiyoyi ta yarda su zauna da 'yan siyasa su matsa musu lamba kan buƙatunsu, amma ba su mara wa jam'iyya baya ba. Inda ba doka, kwamiti ke yi wa kansa.

Allon sunayen ya yi wani aikin da ba a zata ba. Mutanen da ke jin kunyar kawo ɗan abin da suke da shi suka fara zuwa. Wannan ya tuna mini da dandamalin da aka ɗora mutum-mutumin 'yanci na New York a kai. Faransa ta ba da mutum-mutumin kyauta, kuɗin dandamali suka gagara. A 1884 gwamnan jihar, Grover Cleveland, ya ƙi sa hannu kan dokar ba da dala 50,000, a 1885 kuma yunƙurin samun dala 100,000 daga majalisar ƙasa ya faɗi. Sai Joseph Pulitzer ya yi alƙawarin buga sunan duk wanda ya bayar a jaridarsa, komai ƙanƙantar abin. Zuwa watan Agusta na 1885 an tara dala 102,000 daga mutum kusan 120,000. Ranar 28 ga Oktoba, 1886, wanda ya jagoranci bikin buɗewa shi ne Cleveland ɗin nan, wanda a lokacin ya riga ya zama shugaban ƙasa. Ɗan siyasa bai cika ƙin tsayawa kusa da aikin da ya riga ya kammalu ba.

Tayin da ya raba kan kwamiti

Ana tsakiyar wannan sai wani attajiri mai neman tikitin takara ya aiko. Zai biya rufi da sola duka cikin mako ɗaya, kuɗi a banki, ba alƙawari ba. Sharaɗinsa a yi wa ɗakin fenti da launin jam'iyyarsa a rubuta sunansa a goshin ginin.

Kwamiti ya rabu biyu, kuma ba zan ce ɓangare ɗaya ne ke da hankali ba. Sakatare ya ce matar da ke naƙuda a hasken tocila ba ruwanta da launin bango, kuma duk makon da aka ƙara ana jan ƙa'ida wata ce ke biyan farashinsa. Ma'aji ta ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ranar da aka shafa fentin nan izinin hukuma ya mutu, takardar kula da batira ta mutu, kuma ɗaruruwan mutanen da suka bayar za su ga an sayar da guminsu. Shugaba ya ƙara wata hujja da ta fi sauran ƙarfi a wurina, cewa ginin ba nasu ba ne balle su ba wani goshinsa.

Suka mayar masa da amsa cikin ladabi cewa ƙofa a buɗe take bisa ƙa'idar kowa, sunansa zai shiga allo kamar na kowa. Bai sake aikowa ba. Hukuncin yana da tsada: an gama rufin kafin ruwa ya sauka, amma solar sai da ta ƙara watanni, kuma a watannin an ci gaba da karɓar haihuwa da tocila. Ina ganin sun yi daidai, amma na fahimci dalilin da ya sa sakataren bai sake zuwa taro ba na wani lokaci.

Inda aka tsaya

Ɗan majalisa ya cika zagaye biyu na ninkin, ya faɗi zaɓen fid da gwani, wayarsa ta daina shiga. Abin da ya biya a zagayen biyun ya ninka abin da ambulan ta kawo sau da yawa, kuma rasit ɗin mai kwano na nan a fayil. In aka dubi littafin ma'aji, kuɗin da suka fito daga aljihun 'yan siyasa ba su kai sulusin aikin ba, sauran na jama'a ne. Sai dai littafin bai ƙunshi hayar motar da ba a biya ba, da ladan leburori, da katakon da injiniya ya gano, da takardar izinin da in babu ita ko ƙusa ba za a buga ba.

An miƙa ɗakin ga ciyaman a wani ɗan taƙaitaccen zama, ba rumfa ba lasifika. Bayan zaɓe aka samu sabon shugaba a ƙaramar hukumar, kuma takardar kula da batiran tsohon ne ya sa mata hannu. Saboda batun ya shiga rubutaccen zaman majalisar kansiloli, shugabar sashen lafiya ta ce akwai abin kafa hujja. Kwamitin ya nemi ganin sabon ciyaman da kwafin takardun biyu, an ba su rana an ɗage, an sake ba su wata.